Manomin da Ya Hau Kujerar Matarsa

Kawu, tun ranar da muka kai Baba makwancinsa kake cewa bana ka bar gona, baya ya ƙi, kai ma saura ƙiris. Ni ba malami ba ne. Amma ga misalin da marigayin yake bayarwa, Allah ya ji ƙansa.

An yi wani manomi a garin da ciwon baya ya zama kamar furfura, duk namijin da ya manyanta sai ya same shi. Fartanya gajera ce. Tun mutum yana saurayi take lanƙwasa shi, ranar da ya so miƙewa sai ƙugu ya ce bai san zancen ba. Gindin tsamiyar ƙofar masallaci cike yake da tabarmin dattawa, wannan ya sha tsaga, wancan ya sha ƙaho, kowa salla a zaune. Al'adar garin kuwa, gonar da ta wuce damina ba a nome ta ba, mai unguwa wani yake ba wa. Da baya ya kama manomin nan, 'ya'yansa duk suna birni, maƙwabci har ya fara zagaya iyaka yana murza ƙasa a tafin hannu. Dattawa suka matsa masa wuri suka ce, "Bismilla, Malam, layi ya zo kanka." Ya dubi tabarmar ya ce, "Masu naɗe ni a cikinta ba su iso ba tukuna."

Shuka ba ta ba shi wuya ba, don sungumi a tsaye ake sara da shi, diddige ke rufe iri. Noma ne ya gagara, ciyawa ba ta jin kunyar tsoho. Sai ya shiga ɗakin matarsa da ta rasu, ya ɗauko 'yar kujerar da take zama a bakin murhu, irin wadda namiji ba ya hawa ko da wasa. Ya dasa ta tsakanin kunyoyi, ya zauna, ya nome iya inda hannu ya kai, ya ja ta gaba. Masu wucewa su ce, "Sannu da aiki, Inna, tuwon ya nuna?" Ya ce, "Sai kaka. Ka zo da akushinka." Wani lokaci ciwon ya cije shi har ya kwanta rigingine cikin gero yana kallon gajimare, in ya lafa ya rarrafa ya koma. Wasu sun gama maimai yana kan noman fari, amma bai bar kunya ko ɗaya ba. Da kaka dammunansa ba su kai na da ba. Mai unguwa ya zo, ya leƙa rumbu, ya juya, gona ta zauna a hannun mai ita. Da damina ta zagayo, matan garin suka wayi gari suna cigiyar kujerunsu, gindin tsamiya kuwa sai awaki.

Kujerar Inna, matarka, tana nan a ɗaki, Kawu, kuma ga hadari can yana haɗuwa a gabas. Ciwo ya tauna manomin nan iya taunawa, ciwon ne ya gaji ya tofar. Dama Hausawa sun ce namiji barkono ne, sai an tauna ake sanin yajinsa.