Akwatin Kowa da Kowa

"Baba, kai kaɗai ka san takardar da ke zuwa kowane ofis," in ji injiniyan kwamfuta. "Koya min, ni kuma in sa ka a duk akwatunan imel na haɗaka."

Tsohon masinjan ya miƙa hannu. "An gama, ɗana."

Kwana uku suna tsara akwatunan: na sito, na direbobi, sai na kowa da kowa.

Saƙon farko da ya faɗo cikin akwatin kowa da kowa ya ce ba a buƙatar masinja kuma. Ma'aikata suka wuni suna gaishe shi a hankali. Baba bai iya buɗe saƙon ba, mai shara ce ta karanta masa.

Injiniya ya sami ƙarin girma. Baba ya rataye jakarsa, ya tafi gida.