Masaƙin da Babu Ambika Ya Gano

A ƙarshen shekarar 1883 duniya ta hallara a filin Maidan na Kalkata domin ta baje kolin abin da ɗan Adam ya cimma. Yawancin abin da ya cimma, bisa ga dukkan alamu, sabulu ne da kifin gwangwani.

Babu Ambika Dhar (Babu laƙabin masu hali ne a Kalkata) ba sabulu ya kawo shi ba. Shekara shida yana farautar laƙabin Rai Bahadur daga gwamnati. Ya haƙa rijiya, ya yi wa asibitin dawaki rufi, ya zauna wa lacca uku kan magudanar ruwa ba tare da an kama shi yana gyangyaɗi ba. Amma a bana mutum ɗaya za a ba a unguwarsu, ga shi maƙwabcinsa Babu Jogen Nandi ya sayi wani agogon Jamus mai tsuntsu a rumfar Turawa, har jarida ta kira shi mai kishin fasaha.

Babu Ambika ya ƙudura shi ma zai yi kishin fasaha, amma ta gida.

Ya same ta a rumfar ƙarshe, bayan injin yankan ciyawa. Wani mutum ne mai tal-kwabo da gajeren wando na yadi mai kaushi, yana saƙa dardumar da Babu bai taɓa ganin kamarta ba. Ba ya ɗaga kai. Dama da hagunsa ƙarti biyu ne masu gashin baki, ba wanda ke taɓa zare a cikinsu. Nan take Babu ya gane ɗalibai ne, domin ya taɓa karantawa cewa a tsohuwar tarbiyya sai ɗalibi ya shekara goma yana kallo kafin a ba shi zare.

Washegari ya dawo da mutum biyu 'yan kwamitin tantance masu neman laƙabin, da ɗan jarida. Jogen ya biyo su ba gayyata.

Babu Ambika ya yi musu bayani mai tsawo. Ya ce su dubi yatsun nan, ba a koyon wannan, a jini yake. Aƙalla kaka bakwai na mutumin nan sun yi wa sarakunan Delhi saƙa. Askin kansa na masu gudun duniya ne, baƙin tabon idon sawunsa kuwa na zaman saƙa tun yarinta. Ya ce shi Allah ya hore masa gane asalin mutum da kallo ɗaya.

"Yaya, ka kuwa tambaye shi sunan ko da kaka ɗaya?" in ji Jogen.

"Wanda tsuntsun katako ke gaya wa lokaci ba zai gane ba," in ji Babu Ambika. Ɗan jarida ya rubuta.

Sai ya juya ga masaƙin, ya haɗa hannuwa, ya kira shi Ustad, wato babban gwanin sana'a. Ya ce yana son darduma ta babban falonsa, ya fara kwatanta girman ɗakin da sandarsa.

"Kamu goma sha huɗu ne ta gefen baranda, ranka ya daɗe," in ji masaƙin, idonsa a kan zare. "Ta ciki ban sani ba."

Babu ya dubi 'yan kwamiti ɗaya bayan ɗaya. Kamu goma sha huɗu ne cif.

Abin ya ɗebe shi. A gaban kowa ya shelanta cewa ranar Asabar zai yi liyafa don girmama Ustad, zai gayyaci sakataren Gwamna, za a ci kifi da shinkafa mai ƙamshi, kuma da hannunsa zai zaunar da Ustad a kujera.

"A cikin ɗakin?" in ji masaƙin.

"A tsakiyarsa ma."

Ɗaya daga cikin ƙartin ya yi tari. Masaƙin ya ce ai ba shi ke ba kansa izinin fita ba, sai a ga Baturen rumfa. Aka kaɗa ƙararrawar ƙarfe biyar, masaƙin ya miƙe tsam, ya bar ƙulli rabi a ɗaure. Babu ya roƙi ɗan jarida ya rubuta wannan ma: tawali'u da kiyaye lokaci.

Jarida ta fito ranar Laraba. Ranar Alhamis sakataren Gwamna ya aiko cewa zai zo. Aka wanke falo, aka mayar da hoton mahaifin Babu bayan ƙofa domin a sami wurin hoton Sarauniyar Turawa.

Ranar Juma'a Babu ya je neman izini, Jogen a bayansa, wai hanyarsu ɗaya. Baturen rumfa, wani likita mai fama da mura, ya ce ba shi da ja, muddin aka dawo da mutumin kafin biyar tare da abokan zamansa biyu. Sai dai ƙa'ida ce mai karɓa ya karanta takardarsa kafin ya sa hannu. Ya turo ta.

Babu Ambika ya laluba aljihu, ya manto tabarau a gida. Jogen, da yake maƙwabcin kirki ne, ya ɗauka ya karanta masa da ƙarfi, a tsanake, har magatakardun da ke waje ma suka amfana.

Kalimuddi, fursuna mai lamba 412, ya koyi saƙa a gidan yari shekara uku da suka wuce. Shekara biyar aka yanke masa kan ɓatan cokalin azurfa a gidan da ya yi shekara goma sha ɗaya zaune a baranda, bayan bango, yana jan igiyar fankar falo. Mai ƙara: Ambika Dhar.