Kankare Mini Fentin Nan

"Kankare shi," in ji Guguwa, direban tseren motoci wanda ya ci kofi bakwai a jere. Ya dire salansar motarsa a kan teburina.

Na ajiye bindigar feshin fenti. Kwana uku na yi a kan ƙarfen nan lokacin da ya fara kawo mini shi. Na goge shi tas, na fesa masa fentin da ke tsare zafi, na gasa shi a tanda har sau biyu. Yanzu zafin injin ta bututu yake ficewa, ba ya shiga cikin mota.

"Injin yana zafi ne?" na tambaye shi.

"Ko kaɗan."

"Ƙarfinsa ya ragu?"

"Ya ma ƙaru."

"To, malam, me na yi maka?"

"Tsere uku ke nan ina zuwa na ƙarshe. In na sake faɗuwa gobe, mai motar zai sallame ni."

Raina ya ɓaci. Na ce aikina ba shi da laifi, ya je ya binciki ƙafarsa.

Ya zauna a kan tsohuwar taya, ya cire takalmi. Tafin ƙafarsa duk tabon ƙuna ne.

"Maigida, ni fa ban taɓa iya gudu ba," ya ce a hankali. "Shekara bakwai motar nan tana gasa ni, sauri nake in kai ƙarshe in fita. Yanzu ka mayar da ita ɗakin hutu. Ranar Asabar, a zagaye na biyar, har gyangyaɗi na yi."