Ruwan Jegon Gidan Alhaji Gide

Tun da asuba Malam Amadu yake tsugune a bakin kwatar gidan Alhaji Gide, yana jiran ruwa.

Wata huɗu ke nan da zuwansa Ƙanƙara. Ya ce daga wajen Sabuwa yake, kuma ba wanda ya tsananta bincike. Shekarun nan ne da kuɗin mai ya cika ƙasa, kowa ya raja'a a kan siminti da kwano, wa zai tsaya tambayar tsoho mai buhu ɗaya? Kangon bayan gidan ya roƙa, Alhaji ya ce ya zauna.

Da sanyi ya kama sai amaryar gidan, Barakatu, ta haihu. Haihuwar fari ce, amma ba ta tafi wanka gida ba, a ɗakinta wata tsohuwar maƙwabciya ke yi mata. Safe da yamma ruwan jego na kwararowa ta kwata yana tururi, ya malale a lungu a banza.

Malam Amadu ya dubi ruwan nan kwana biyu. Ran na uku ya ɗauki diga ya ja hanya daga bakin kwatar zuwa kangonsa. Ya jera fasassun tukwane a ciki, ya rufe da tsohon kwano, ya zuba yashi da ƙaiƙayi a kai, sannan ya gina akurki a bisa. Ruwa ya bi ta ƙasa, ya bar zafinsa a yashi, ya fita can gaba ya shayar da 'yan kunyoyin albasa.

A shekarar, sanyi ya kashe 'yan tsakin mutane ba adadi. Nasa ko ɗaya bai mutu ba. Har malamin gona ya zo daga Faskari a kan babur, ya tura hannu cikin yashin, ya girgiza kai.

“Baba, ina ka koyo wannan?”

“A Kurmi, can kudu. Na daɗe can.”

Kullum da hantsi yakan shiga daji ya yo itace da ganyen runhu, ya ajiye a ƙofar zaure. Idan Alhaji ya ce a ba shi wani abu, sai ya ɗaga hannu. “Kajina nake yi wa. In ruwa ya yi zafi, su ke morewa.”

Bai taɓa wuce zauren ba. Amma idan mai jego ta yi dariya a bayan katanga, yakan ajiye abin da ke hannunsa har sai ta gama. Ya tanadi sabuwar riga a ƙasan buhu. Ya ce a ransa ranar arba'in zai sa ta, ya yi sallama, ya nemi iso.

Ran talatin da ɗaya ruwan yamma bai zo ba. Washegari ya zo, amma kaɗan. Ya ji tsohuwar na ce wa wata mata a lungu zazzaɓi ne, kuma ƙafafu sun kumbura. Ya ninka itacen ranar.

Yau talatin da huɗu. Gari ya waye, rana ta fito, kwata a bushe. 'Yan tsaki sun cure a lungun akurki suna kuka. Ya kasa tafiya daji, ya kasa tashi daga wurin.

Sai ga Bilya, ƙanen Alhaji, ya shigo kangon ido jawur.

“Baba, ara muna diga. Mai jego ta cika.”

Malam Amadu bai motsa ba. A daidai lokacin kwatar ta yi 'yar ƙara, ruwa ya gangaro. Ba tururi. Ya sa hannu, ya ji ɗumi-ɗumi, ga ganyen magarya na yawo a kai. Ya bar hannun a ciki, ruwan na bi ta tsakanin yatsunsa.

“An aika wa danginta?” Malam Amadu ya tambaya.

“Wa za a aika mawa? Ɗiyar garin Daudawa ce, uwar ta daɗe da rasuwa. Uban kuwa tun tana goye ya tafi cin rani kudu, ba a sake jin ɗuriyarshi ba. Jiya ma da zazzaɓin ya yi zafi shi take ta kira, mutumin da ko kamanninshi ba ta sani ba. Wani wai shi Ɗanliti.”

Bilya ya ɗauki digar da kansa ya fita.

Malam Amadu ya zauna daɓas a cikin laka, hannunsa na cikin ruwan har ya huce. Shekara ashirin da biyu rabon da ya ji wani ya kira shi Ɗanliti.