Sunan da ke Ƙarƙashin Matakala

"A rushe shi kawai, ya ishe ni!" in ji mahaifiyata, Odessa, tana buga sanda a gaban kwamitin kare tsoffin gine-ginen birnin Savannah na Amurka.

Na ji sanyi a raina. Na daɗe ina lallashinta mu rushe tsohon gidanmu, mu gina na haya. A unguwarmu kuwa, ko taga ba ka canzawa sai da izinin mutanen nan.

Shugabar kwamitin ta ɗaga kai. "Akwai mai ja?"

Sai maƙwabcinmu, tsoho Thaddeus, ya miƙe. Shi da Mama ko gaisawa ba sa yi tun wata rigima da suka yi kan katanga.

"Ni ina ja. Kakan matar nan maƙeri ne, shi ya ƙera ƙarfen barandar da hannunsa. Ku leƙa ƙarƙashin matakala, sunansa na nan."

Ban da ni da Mama, ba wanda ya san wannan.

"Munafuki! Ina ruwanka da gidana?" Mama ta daka masa tsawa.

Aka kaɗa ƙuri'a. Ko bulo ɗaya ba za a taɓa ba.

Na tafi ɗauko mota raina a ɓace. Da na dawo, na tarar da su biyun a bayan bishiya, ba su gan ni ba.

"Odessa, zagin nan fa ya yi yawa," in ji Thaddeus.

Mama ta ƙyalƙyale da dariya, ta miƙa masa kwanon kek. "Yi haƙuri. Da ban zage ka ba, ai da yaron nan ya gano mu."