Farar Rigar Darakta

Motar asibitin ƙaramar hukuma ba ta gama tsayawa a gindin gada ba, Darakta ya riga ya kame gaban layi. Kowace Laraba haka yake. Ba a taɓa riga shi zuwa ba, ba a kuma taɓa ganin motar da ta sauke shi ba.

Ya gyara wuyan farar rigarsa mai kari kamar bakin wuƙa, ya matse jakar fatarsa a hammata, sannan ya waiwaya yana yatsina fuska kamar an ce ya leƙa masai. Ga su nan dai, marasa gida, sun fito karɓar magani kyauta. Ga mai gyambon da ƙuda ke yi wa rakiya, ga mashayin da ke gardama da inuwarsa. Daf da bayansa kuma tsohuwar nan ce Mai Tari, wadda ya haddace tarinta tun daga gyaran murya har tofin ƙarshe. Ya tsane su, bai kuma taɓa wahalar ɓoyewa ba. A ganinsa, mutum ba ya rasa ɗaki sai zuciyarsa ta riga ta mutu.

"Baiwar Allah, ja da baya," in ji shi. "Numfashinki yana taɓa mini riga."

"Allah ya huci zuciyarka, Darakta," ta ce, ta matsa.

Ciwon suga ne ke kawo shi cikin wannan ƙazanta. Ya bauta wa hukumar nan har furfura ta cinye masa kai, aka sallame shi da tafi da hoton bango, saboda haka in ya karɓi allurarsu, haƙƙinsa ya karɓa, ba bara ya yi ba. Babban yatsan ƙafarsa ya fara duhu a cikin takalmin da yake gogewa har yana ɗaukar ido. Nas ta gaya masa ba ɓoye-ɓoye: in ya tsallake allura ko ta mako ɗaya ce, to ya yi ban kwana da ƙafar.

Yau ba nas kaɗai ta sauko daga motar ba. Tare take da wata jami'a, yarinya ɗanya sharaf, irin masu tafiya kamar su suka gina hukuma.

"Ku saurara," in ji jami'ar. "An kai ƙorafi cewa masu gida da gado suna sajewa da ku, suna kwashe magani. Daga yau kowa zai faɗi inda yake kwana, kuma sai wani a cikin layin nan ya shaide shi."

Tana magana idonta na kan takalmin Darakta. Daga nan ya hau kan rigar, ya tsaya.

"Baba, da kai za mu fara. A ina kake kwana?"

"Ke yarinya, kin san da wa kike magana? Ina sa hannu a ofishinku tun ba a yaye ki ba."

"Na ji, Baba. A ina kake kwana?"

Gidan nan mai koren ƙofa da bishiyar lemo a tsakar gida, wanda ya saba cika baki da shi, ya zo masa har leɓe, ya haɗiye shi. In ya ambace shi, allura ta tafi. Ɗaya amsar kuwa, ya haɗa kansa da waɗannan halittu da bakinsa, a gaban wannan 'yar ƙwailar? Gara a kawo zarto. Yatsan ya shiga zogi kamar ya ji abin da ake ciki.

Jami'ar ta juya ga layi. "Akwai wanda ya san shi?"

Mai gyambo, wanda Darakta ya taɓa kira mushe mai tafiya, ya duƙufa korar ƙuda. Mashayi ya ƙyalƙyale da dariya, ya sara masa irin ta soja. Sauran suka zuba wa rufin gada ido kamar yau suka fara ganinsa.

"Na dai faɗa," in ji jami'ar, ta rufe akwatin sanyi da ake ajiye allurai. "Irinku ne ke cinye rabon talakawa, ko kunya babu. Kantin magani yana bakin titi, Baba. Na gaba!"

Darakta bai roƙa ba. Ya gyara jakarsa, ya ɗaga haɓa, ya fita daga layi yana ƙoƙarin kada ɗingishin ya nuna.

Sai aka yi gyaran murya a bayansa, tari ya biyo, aka ƙare da tofi.

"'Yar nan, buɗe akwatinki ki ba shi allurarsa," in ji Mai Tari, tana goge baki da gefen zane. "Bayan ginshiƙin can yake kwana, kwalinsa na jikin nawa. Rigar nan ma da kike kallo, a ƙarƙashin kwalina yake shimfiɗa ta kullum, ni nake kwana a kai ta yi masa kari."