Kukumar Baba Ɗantala

"Yaushe Baba Ɗantala zai fara?" Noboru ya tambaya da gurguwar Hausarsa, kwanon masa a cinya.

Tun daga Japan ya taso zuwa bikin nan a Unguwar Mu'azu. A wani tsohon kaset ya kamu da son kukumar Baba, kuma an ce daga bikin yau tsohon zai daina wasa.

Ango Abdulmalik ya yi murmushi. "Haba, babban baƙo kamarka ya zauna jin kiɗan ƙauye? Tun safe muka sallame shi, ya hau motar garinsu."

Ya ɗaga wa DJ hannu. Waƙar Japan ta cika layin. Kowa ya juyo yana tafa wa baƙon.

Noboru ya ajiye masar, ya rusuna, ya fara rawa.